Sati takwas a kwas ɗin muhawarar tattalin arziki na intanet, ga abin da na gani

Jiya aka rufe aji na ƙarshe, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta tun abin da ɗuminsa, kafin in manta rabin abubuwan da suka burge ni da rabin waɗanda suka ba ni haushi. Ba zan kama sunan kamfanin da ke gudanar da kwas ɗin ba, na farko dai ba talla aka biya ni in yi ba, na biyu kuma akwai wuraren da zan caccake su sosai, to gara in faɗi gaskiyata hankali kwance. Wanda ya leƙa intanet zai ga irinsa da yawa, kusan duk tsarinsu ɗaya ne, in ka karanta wannan za ka san tambayar da za ka yi kafin ka ciro kuɗinka.

Ni ba masanin tattalin arziki ba ne wallahi, ban taɓa karanta shi a makaranta ba. Ni dai ina cikin mutanen nan da in aka ce gwamnati ta cire tallafi ko ta ƙara haraji ko ta ciwo bashi, kafin mai magana ya rufe baki na riga na yanke hukunci, murya a sama, hujja babu. Abin da ya tura ni kwas ɗin ma wani abokina ne ya ƙure ni rannan, muna gardama ya ce to malam mun ji ba ka son wannan, in kai ne ministan kuɗi gobe da safe me za ka fara yi, kuma a ina za ka samo kuɗin? Na buɗe baki na rufe, na sake buɗewa, ƙarshe na ce ai dai a daina sata. Ya ce to an daina, sai kuma me? Abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki.

Tsarin kwas ɗin ba wuya. Kowane sati ana sakin bidiyo uku ko huɗu, kowanne bai wuce minti ashirin ba, da ɗan abin karantawa, sai kuma ƙarshen sati a haɗu kai tsaye a yi muhawara ta awa biyu. Akwai kuma wani wasa na kwamfuta da suka haɗa, ana ba ka wata ƙasa ta ƙirƙira wadda tattalin arzikinta ya kwanta, kai ne ministan kuɗi, kana murɗa haraji da kuɗin ruwa da tallafi da bashi kana ganin abin da zai faru. Zan dawo kan wasan nan don ina da magana a kansa, kuma ba mai daɗi ba ce.

Abin da ya fi komai daraja a kwas ɗin, wanda in don shi kaɗai ne ma kuɗina bai tafi a banza ba, shi ne ba kai ke zaɓar ɓangaren da za ka kare ba. Ƙuri'a ake yi. Ran Laraba saƙo zai shigo maka cewa ranar muhawara kai ne za ka kare kaza, ko kana so ko ba ka so. Satin farko da aka yi maganar tallafin mai, ni da na tsani a cire tallafi kamar me, sai ga shi ƙuri'a ta jefa ni ɓangaren masu cewa a cire. Na rubuta wa malamar da ke jagorantar ajinmu na ce Malama don Allah a canza min, wannan ba ra'ayina ba ne, ba zan iya kare abin da ban yarda da shi ba. Amsarta layi ɗaya, wai ai shi ya sa aka ba ni. Haushi ya kama ni amma ba yadda na iya, na zauna na yi karatu.

To a nan ne na fara gane cewa shekara da shekaru ina gardama ne a kan suna kawai, a cire ko kar a cire, alhali inda gizo ke saƙa shi ne yadda aka cire da lokacin da aka cire da kuma inda kuɗin ya tafi bayan an cire. Misalin Indonesiya suka ba mu kuma ƙasa ɗaya ce ta yi abin sau da yawa da sakamako daban daban. A watan Mayun 1998, ana tsakiyar rikicin kuɗi na nahiyar Asiya, gwamnatin Suharto ta ƙara kuɗin mai, gari ya kama da wuta, kafin watan ya ƙare mutumin da ya yi shekara 30 da ɗoriya yana mulki ya sauka. A watan Oktoban 2005 kuma wata gwamnatin ta ƙara kuɗin man har ya ninka ya wuce, amma ta haɗa da rabon kuɗi kai tsaye ga gidajen talakawa kusan miliyan 19, an yi zanga-zanga, an yi ƙorafi kan waɗanda aka tsallake da waɗanda aka ba alhali ba su cancanta ba, amma gwamnati ba ta faɗi ba. Sai shugaba Joko Widodo, shi kuma ya yi dabara ya cire yawancin tallafin fetur a farkon 2015, daidai lokacin da farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas a kasuwar duniya, saboda haka mutane ba su ji zafin sosai a gidan mai ba, ya karkatar da kuɗin wajen hanyoyi da sauran ayyuka.

Wanda ya fi tsaya min shi ne na Iran a ƙarshen 2010. Su kafin ma su ƙara farashin sai da suka buɗe wa jama'a asusun banki suka zuba kuɗin a ciki, mutum yana ganin kuɗinsa amma ba zai iya taɓawa ba sai ranar da sabon farashi ya fara aiki. Ka ga an fafe gora tun kafin ranar tafiya ke nan. Daga baya hauhawar farashi da takunkumi sun cinye darajar kuɗin da ake rabawa, tsarin ya shiga matsala, malamar ba ta ɓoye mana wannan ba. Amma dabarar nan ta nuna wa mutum kuɗinsa da idonsa kafin ka ɗora masa nauyi, ni dai ban taɓa jin ta ba sai a ajin nan.

Ranar muhawarar na zo da ƙarfina, na zazzage hujjoji, cewa mai motoci uku ya fi mai tafiya a ƙasa cin moriyar tallafin mai nesa ba kusa ba, cewa mai arha yana tsallaka iyaka ya tafi maƙwabta, cewa kuɗin da ake ƙonawa a tanki da an gina makarantu da asibitoci. Ina jin kaina kamar wani farfesa. Sai wani dattijo a ɗaya ɓangaren, tsohon ma'aikacin banki ne da ya yi ritaya, ya ɗaga hannu a natse ya ce yaro na ji bayaninka, tambaya ɗaya gare ni, ita gwamnatin da ta kasa hana a sace kuɗin tallafi, wace hujja gare ka cewa za ta iya hana a sace kuɗin da aka samu bayan an cire? Na ce Baba ai shi ya sa ake son rajistar talakawa mai kyau da biya ta banki. Ya ce to a fara yin rajistar mu gani. Shiru na yi. Abin dariyar shi ne bayan an tashi ya rubuto min cewa shi fa a zuciyarsa yana goyon bayan a cire, ƙuri'a ce ta jefa shi can, kamar yadda ni ma ta jefa ni nan. Wato kowannenmu ya yi awa biyu yana kare ra'ayin ɗan uwansa. Har yanzu muna gaisawa da shi.

Sati na uku ne ko na huɗu aka yi maganar tsuke bakin aljihu, kuma Girka ce a kan tebur. Gaskiya wannan darasin an tsara shi da kyau, bidiyon ma ya fi sauran. A watan Mayun 2010 aka ba Girka bashin ceto na farko, Yuro biliyan 110 daga ƙasashen Turai da asusun ba da lamuni na duniya IMF, da sharaɗin ta rage albashi da fansho, ta ƙara haraji, ta rage kashe kuɗi. Lissafin masu ba da bashin shi ne za a ɗan sha wuya shekara biyu sannan abu ya miƙe. Abin da ya faru kuwa tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, rashin aikin yi ya kai wajen kashi 27 cikin 100 a 2013, na matasa ya haura rabi, kuma bashin da ake son ragewa sai nauyinsa ya ƙaru in aka auna shi da abin da ƙasar ke samarwa, tunda abin da ake aunawa da shi ɗin ne ya tsuke. A farkon 2013 babban masanin tattalin arziki na IMF ɗin kansa, Olivier Blanchard, shi da abokin aikinsa suka fitar da bincike da ya nuna an raina irin illar da rage kashe kuɗin gwamnati ke yi a lokacin da kowa ma ya riƙe aljihunsa. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne, kuɗin da gwamnati ta fasa kashewa albashin wani ne, albashin nan kuma cinikin mai shago ne, cinikin kuma daga shi ake cire haraji, to in aka datse daga sama sai ruwan ya ƙafe har ƙasa, ita gwamnatin ma harajin da take jira ya ragu.

Wannan karon ƙuri'a ta yi min daɗi, ina ɓangaren masu sukar tsuke aljihu, na ce yau ranata ce. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Wata matashiya a ɗaya ɓangaren ta ce duk mun yarda an sha wuya, amma a 2010 babu mai son ba Girka rance a kasuwa sai da ruwa mai kisa, kuma ba ta da kuɗin kanta da za ta karya darajarsa tunda Yuro take amfani da shi, to ku da kuke cewa a ci gaba da kashewa, wa zai ba da kuɗin? Ta kuma tuna mana cewa a watan Yulin 2015 mutanen Girka sun yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 61 suka ce ba sa son sharuɗɗan, amma bayan 'yan kwanaki firaminista Alexis Tsipras, wanda shi ya kira ƙuri'ar, ya sa hannu kan wasu sharuɗɗan da ba su fi waɗancan sauƙi ba, saboda bankuna a rufe suke. Mun ba ta amsa cewa da an yafe wani ɓangare na bashin tun farko maimakon a jira sai 2012, da wuyar ba ta kai haka ba, kuma ina ganin mu muka fi gaskiya a nan, amma tambayarta ta wa zai ba da kuɗin ita ce dai tambayar abokina da ta kawo ni ajin, ta sake biyo ni ta wata ƙofar.

Kar mutum ya ɗauka kwas ɗin yana koyar da cewa gwamnati ta yi ta ɓarin kuɗi ne kawai, satin da ya biyo baya sai suka juya mana kwanon. Birtaniya a watan Satumban 2022, firaminista Liz Truss da ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng suka sanar da rage haraji na wajen fam biliyan 45 ba tare da sun nuna inda za a cike giɓin ba, da sunan za a zaburar da tattalin arziki. Cikin kwanaki fam ya faɗi ƙasa irin faɗuwar da bai taɓa yi ba a gaban dala, ruwan da gwamnati ke biya kan bashi ya yi tsalle, babban bankin Ingila ya shigo da gudu don ceto asusun 'yan fansho, ita kuwa ko kwana 50 ba ta cika a kujerar ba. Gyaran gangar Auzinawa sak. Sai Turkiyya, inda shugaba Erdogan ya dage cewa kuɗin ruwa mai yawa shi ke kawo tsadar kaya, babban banki ya yi ta rage ruwa daga kashi 19 a 2021 har zuwa 8.5 a farkon 2023, hauhawar farashi kuwa ta haura kashi 85 a watan Oktoban 2022, bayan zaɓen 2023 aka dawo da Mehmet Simsek ma'aikatar kuɗi aka yi kwana, ruwan ya hau har kashi 50 a watan Maris na 2024. Siri Lanka ma an taɓo ta a gurguje, rage haraji mai yawa a ƙarshen 2019, hana shigo da takin zamani dare ɗaya a 2021, ga annobar korona ta kashe yawon buɗe ido, a 2022 ƙasa ta kasa biyan bashi, shugaba Gotabaya Rajapaksa ya tsere. Na so a daɗe a kan wannan amma minti goma kawai aka ba shi.

Darasin Jamus kuma wani irin abu ne, ya fi kama da darasin siyasa. A 2003 shugaban gwamnati Gerhard Schröder ya kawo sauye-sauyen da suka taɓa kuɗin da ake ba marasa aiki da dokokin ɗaukar ma'aikata, mafi zafinsu ya fara aiki a watan Janairun 2005, lokacin marasa aikin yi sun haura miliyan 5. A shekarar ya rasa kujerarsa, Angela Merkel ta hau, rashin aikin yi ya yi ta sauka a zamaninta. Wani ya yi shuka wani ya yi girbi. Har yau masana ba su daidaita ba kan ko sauye-sauyen ne suka yi aikin ko kuwa kasuwar Chaina da ta buɗe wa injinan Jamus da kuma haƙurin da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi kan ƙarin albashi, kuma ayyuka masu ƙaramin albashi sun yawaita har sai da aka kafa mafi ƙarancin albashi a 2015. Abin da na so a nan shi ne malamar ta ƙi faɗa mana wanne ne daidai, duk da mun matsa mata. Wasu a ajin sun ji haushin haka, suna cewa mun biya kuɗi a ba mu amsa. Ni kam na fi son hakan, don da ta ba da amsa da na haddace na je na ci gaba da ihu da ita kamar da.

Indiya ta 1991 ma an yi ta, lokacin da kuɗin waje da ya rage musu bai wuce na sayayyar 'yan makonni ba har sai da suka jinginar da zinare tan 67. Lokacin da Manmohan Singh yake ministan kuɗi a gwamnatin Narasimha Rao, aka karya darajar rupi, aka rushe yawancin tsarin nan na sai ka nemi lasisin gwamnati kafin ka kafa masana'anta ko ka faɗaɗa ta. Aka kuma gwada Chaina da ta fara a hankali daga 1978, ta bar manoma su sayar da rarar amfaninsu, ta buɗe birnin Shenzhen a 1980 a matsayin wurin gwaji, da Rasha da ta saki farashi gaba ɗaya a watan Janairun 1992 kaya suka ninka fiye da sau ashirin a shekara ɗaya. Amma an cusa ƙasashe uku manya a sati ɗaya, an yi ta gudu kamar ana kora mu, ni dai ban ƙoshi ba.

To yanzu bari in zo kan wasan nan. A tallarsu shi suka fi yayatawa, kuma shi ne ya fi ba ni kunya. Kyan gani kam akwai, ga taswira ga jadawali masu launi, kana jan wani ɗan maɓalli haraji ya hau, kana ja ya sauka. Satin farko na ji daɗinsa har dare nake kaiwa. Amma a sati na biyu na gano lagonsa, in ka cire tallafi a zagaye na farko, ka ƙara ruwa kaɗan, ka zuba duk rarar a wutar lantarki da ilimi, ka yi shiru zagaye biyar, kullum kai ne da nasara, sau shida na gwada sau shida na ci. Mutanen ƙasar wasan ba sa yunwa, wani ɗan ma'auni ne kawai na farin jini yake sauka ya koma ja sannan ya dawo kore da kansa. Babu majalisar da za ta riƙe maka kasafi, babu gwamnan babban banki da zai ƙi jin maganarka, babu 'yan kasuwar da za su ɓoye kaya, babu ɗan kwangilar da zai karɓi kuɗin tashar lantarki ya gina rabi ya gudu, duk kuɗin da ka ware yana isa inda ka aika shi cif cif ba ko ƙwandala da ta ɓace a hanya. Wace ƙasa ce wannan a duniya? Abin haushin ma shi ne wasan yana rushe abin da muhawarar ke ginawa, a aji an nuna mana Suharto ya faɗi, Schröder ya faɗi, Truss ta faɗi, a wasa kuma ba a taɓa korar minista. Na rubuta musu wannan a takardar jin ra'ayi, suka amsa da cewa sun gode za su duba, irin amsar nan da kowa ya san inji ne ya turo ta.

Sai matsalar misalai. Mafi yawan lokacin ƙasashen da kusan kowa ke da albashi a rubuce da asusun banki da lambar haraji ake magana a kai. To ƙasar da yawancin mutanenta ke sana'ar hannu da ƙaramin kasuwanci da noma, ba sa cikin kowane littafin gwamnati, in babban banki ya ƙara ruwa ko ya rage su ina ruwansu tunda ba banki suke zuwa rance ba? Ta yaya za ka raba kuɗin rage raɗaɗi ga mutumin da ba ka san yana raye ba? Ɗalibai da yawa sun yi wannan tambayar, daga nahiyoyi daban daban ma, malamar ta amsa gwargwadon iyawarta kuma ta yarda giɓi ne, amma ba ita ta tsara manhajar ba. Koriya ta Kudu ma, wadda gwamnati ta shiga harkar masana'antu da hannunta dumu-dumu ta kafa kamfanin ƙarfe na POSCO a 1968 ta tura kamfanoni su fita kasuwar duniya, a layi biyu aka wuce ta, alhali ita ce babbar hujjar masu cewa ba komai ake bar wa kasuwa ba. Wannan ya sa na ji kamar manhajar ta ɗan karkata gefe guda ko da ba da gangan ba.

Ƙananan abubuwa kuma, bidiyon suna cin data kamar ba gobe kuma babu damar sauke su a ƙaramin nauyi, sauti kaɗai ma da sun bayar da ya wadatar tunda yawanci mutum ne zaune yana magana. Komai da Turanci ne, Turancin ma irin na masana, rubutun da ke bin maganar a ƙasan bidiyo kuma inji ne ya yi shi, sunayen mutane duk ya dagula su. In netiwok ɗinka ya yanke ana tsakiyar muhawara, dawowa sai ka jira mai kula da ɗakin ya sake buɗe maka, ranar nan minti goma sha biyar na yi a waje lokacin da ya kamata in yi jawabin rufewa, abokan ɓangarena suka ɗauka guduwa na yi. Akwai kuma mutum biyu uku masu son mamaye magana, in suka karɓi makirufo sai an yi da gaske, malamar tana da kirki da yawa ba ta iya katse mutum, ya kamata a sa agogo mai kashe murya da kansa. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne satifiket, sai da muka kai sati na bakwai sannan aka ce wanda ke son takardar shaida mai hatimi sai ya ƙara biyan wani kuɗi. Na koma na duba, e, an rubuta, amma can ƙasan shafi da ƙananan haruffa irin waɗanda ba mai karantawa. Ban biya ba, ba don takarda na shiga ba, amma wanda ke son ya sa a takardun neman aiki ya san da wannan tun yanzu.

In ka riga ka karanta tattalin arziki a jami'a, bidiyon ba za su ƙara maka komai ba, sai dai muhawarar. In kuma kana neman wanda zai tabbatar maka da abin da ka riga ka yarda da shi ne, ka riƙe kuɗinka, za ka fita da ciwon kai, mutum huɗu a ajinmu sun daina zuwa tun sati na biyu kuma biyu daga ciki saboda ƙuri'ar nan ne. Amma ɗan jarida, da malamin makaranta, da ɗan ƙungiyar ƙwadago, da mai sha'awar siyasa, da irina masu gardamar bakin titi, gaskiya zai amfane ku. Ka tabbatar dai kafin ka biya ka tambaya ko muhawarar kai tsaye ce da mutane ko kuwa bidiyo ne kawai da wasa, don na ga suna da wani tsari mai rahusa wanda babu muhawara a ciki, wannan kam ko kyauta aka ba ni ba na so.

Maki na, bakwai cikin goma. Muhawarar da malamar tara, bidiyon shida, wasan uku, maganar satifiket kuma sifiri.

Na koma wajen abokin nan nawa daren jiya na ce masa ya sake yi min tambayar. Ya ce to in kai ne minista me za ka fara yi? Na ce sai ka fara faɗa min, bashin da ake bin ƙasar da kuɗinta ne ko da na waje, kuma kayan ne suka yi tsada don kuɗi sun yi yawa a hannu ko don ba a samar da kayan, sannan wata nawa ya rage a yi zaɓe. Ya kalle ni ya ce kai dai da can ma ka fi daɗin gardama, yanzu ka koma tambaya kamar ɗan sanda. Ya ce in turo masa adireshin kwas ɗin, na ce zan turo amma kar ya taɓa wasan.